Rijiyoyi tara da takardar yabo

Anti Nambewe, ki taimake ni, abin ya ishe ni. Ni ce jami'ar sayayya a ƙaramar hukumarmu. Bara muka nemi masanin da zai nuna mana inda za a haƙa rijiyoyin burtsatse tara. A ƙa'ida ambulan biyu ake kawowa, ɗaya na ƙwarewa, ɗaya na farashi, kuma sai an gama duba na farko ake buɗe na biyu. Shugabanmu, Bambo Chikaonda, ya ce ɓata lokaci ne, mu fara da na kuɗi. Muka ɗauki mafi araha. Har takardar yabo aka ba ni saboda tsimin kuɗin gwamnati, tana nan rataye a ofis.

Ashe masanin ko takalminsa bai ɓata ba, daga birni ya ɗiga wa taswira biro. Da aka haƙa, bakwai cikin taran ba su da ko ɗigon ruwa, kuma ɗaya a ƙauyenmu take. Mahaifiyata, da ciwon gwiwarta, har yau rafi take zuwa. Da na je gida ta ajiye min nsima, tuwon masararmu, ta ce, “Ci a hankali, 'yar gwamnati, kada ya shaƙe ki. Rijiyarki masara muke shanyawa a kanta.” Kunya ta kashe ni. Yanzu za a sake neman masani, shugaba ya ce a yi kamar bara. In na musa, ƙarin girmana ya tafi. Yaya zan yi?

Mai takardar yabo

'Yata, barka da samun yabo, kin samar wa ƙauyenku wurin shanya mafi tsada a ƙasar nan. Shugabanki bai yi ƙarya duka ba: kuɗin na talakawa ne, kuma na sha ganin mai tsada da ya iya bugun ƙirji kawai. Amma araha ba ta ado.

Kada ki yi gardama da shi, ki rubuta. Ki sa a sanarwa cewa ƙwarewa ce ke da kaso mafi tsoka na maki, wanda ya faɗi kuma a mayar masa da ambulan kuɗinsa a rufe. Kowa ya lissafa rijiyoyin da ya taɓa nunawa, ki je ki sha ruwansu da bakinki. In shugaba ya nace, ki roƙe shi cikin ladabi ya ba ki umarnin a rubuce da sa hannunsa. Irinsu ba sa son biro.

Ƙarin girma zai iya jira, gwiwar tsohuwa ba za ta jira ba. Takardar yabon kuwa ki kai mata ta riƙa rufe bokiti, kada ruwan rafi ya zube a hanya. Allah ya ba ki sa'a, ki gaishe min da ita.