Baba da Tsagar Ƙofar Gabas

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Legas? Ya jikin Ummi? Mu nan alhamdu lillahi, gero har ya fara fitar da kai.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Juma'a mai zuwa za a yi taron cika shekara da sake gina Ƙofar Gabas, dagaci har ya gayyato baƙi daga Bici da Tsanyawa. To ruwan ran Talata ya tsaga ginin daga sama, wajen azara. Da Baba ya ji, ko kokonsa bai sha ba ya fita. Na bi shi, na tarar da shi a kan tsani, yana cusa hannu cikin tsagar. Ka san tun zazzaɓin nan jiri bai sake shi ba.

Na ce, "Baba, ka sauko, ga samari nan za su gyara."

Ya ce, "Kakana ne ya gina ta, ni na tashe ta. Ba za ta faɗi ina kallo ba."

Inna ta yi magana, ya yi kamar bai ji ba. Jibi za a fara yaɓe, kuma ya ce shi zai hau. Maganarka kaɗai yake ji, don Allah ka kira shi kafin nan. Ƙofa in ta zube za a sake gina ta, mu kuwa Baba ɗaya gare mu.

Ku sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku, a shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Hadiza