Cukun da Aka Zubar a Abuja

Lahadi, bayan isha'i

Kasuwa ta ci yau, ƙafafuna ciwo suke saboda tsayuwa a rumfata ta Illela. Wata mata a Abuja ta turo saƙo, wai cukun da ta saya a shagona na intanet ya bushe kamar fatar takalmi, ta zubar da shi. Na duba abin da na rubuta ƙarƙashin hoton: "Cukun Nijar mai kyau, sai wanda ya ɗanɗana." Shi ke nan.

Na gaya wa Baffa, tunda shi ke kawo mini daga Kwanni. Ya ce, "Mi? Cuku ma sai an hwaɗa ma mutum yana da tauri?" Ya ci gaba da shan shayinsa.

Ban ga laifinta ba. A rumfa mai saye yakan ɗauka, ya ƙwanƙwasa, ya sansana. Ita hoto kawai ta gani.

Na goge yabon. Na rubuta cewa busasshe ne, mai tauri, ana tsoma shi a shayi ko a daka a zuba a fura. Kowa a Illela ya san wannan, shi ya sa ban taɓa rubutawa ba.

Cukun da na aika mata lafiyarsa ƙalau, yana can cikin shara.