Kada Ka Janye Littafinka, Bojan

Zuwa ga Bojan, sanyin idona, ruwan randa a tsakar bazara, inuwar da na samu a ƙasar da ba tawa ba.

Tun da jirginka ya tashi zuwa Ljubljana, babban birninku, abinci ya daina yi mini daɗi. Ina tsaye a kasuwar Baima ta nan birnin Guangzhou ina zaɓen rigunan da zan aika Maraɗi, mai shago yana ta magana, ni kuwa hankalina yana can gaban kwamitin majalisar ƙasarku, inda za su zaunar da kai kamar ɓarawon akuya. Laifinka me? Don ka rubuta littafi kan yadda manyan jam'iyyarku suka sayar da dajin garinku? Kai da ka wakilci garin nan a majalisa, ka ɗauki tutar Slobeniya zuwa Yamai, ka kawo ta har nan ƙasar Sin!

Ka tuna ranar baje kolin Guangzhou? Ruwa ya tsare mu a rumfa ɗaya, na yi mita da Hausa, sai ga Bature yana ba ni haƙuri da Hausar Yamai, har da karin magana a karkace. Na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Wa ya san a nan zuciyata za ta yi sheƙa, kamar tattabarar da ta gaji da shawagi?

Jiya mun yi magana a waya. Ka ce sun ba ka zaɓi: ka janye littafin ka dawo aikin jakadanci kusa da ni, ko ka tsaya kan maganarka su raba ka da aikin. Ka ce saboda ni za ka janye.

Don Allah kada ka yi, farin watana. Wanda zai dawo mini da ɗinkakken baki ba shi na so ba. Kada ka zaci ba na tsoro. Bizata ta kusa ƙarewa, yayana Ilu ya matsa in koma gida, ban kuma san ko ƙasarku za ta buɗe mini ƙofa ba. Amma na riga na nemi izinin zuwa. Ka shiga gabansu ka faɗi abin da ka rubuta. Ni dai yau na sayi rigar sanyi mai kauri, irin wadda ba mai saye a Maraɗi.

Taka, da muƙami ko babu, har ƙasa ta rufe idona,
Rahila Tankari,
Unguwar Panyu, Guangzhou