Addu'ar da na ja ranar Lahadi

Ɗana Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya Zariya da karatun katikis, wato malantar majami'a? Mu nan Tambuwal lafiya lau.

Ranar Lahadi ruwa ya tsare malamin majami'armu a Kebbe. Ƙanwarka Ladi ta tashi jan addu'a, dattawa suka ce mace ba ta tsayawa gaban maza. Suka miƙo mini littafin addu'a, ni da ban gama elemantare ba. Inda aka rubuta "Allah ya kare mu", na ɗaga murya na ce "ya ƙare mu". Duka suka amsa amin!

Ka gaya wa Bishof, in ya hana Ladi, ni za su ci gaba da samu.

Gai da mai ɗakinka. Ku sa mu addu'a, amma ku karanta a hankali.

Babanka