Bandar Kifi don Kawu Cindo

Ƙanena Sa'idu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau, sanyin Glasgow ne kawai ke cin gwiwa, kuma takarduna har yau ba su fito ba. Shi ya hana ni zuwa jana'izar Baba. Kar ka gaya wa Inna.

Na ji wai Kawu Cindo ne zai yi jawabi a taron tunawa da Baba, Farfesa Ladan. Kawu Cindo! Shekara talatin Baba yana shiga ruwa har ƙugu, daga Yauri zuwa Warra, yana tsinko bado da kainuwa da burugu. Ya busar da su cikin takarda, ya rubuta sunan kowanne da sunan masuncin da ya nuna masa. Ko sadakar bakwai ba a yi ba, wannan bawan Allah ya kwashe su ya ba masu bandar kifi su hura wuta, don ya zuba shinkafarsa a ɗakin da Baba ya adana su. Ciyawa ce, in ji shi.

To, ka bar shi ya yi jawabinsa, har da hawaye in yana so. In ya gama, ka sami kifi banda mai kyau, ka naɗe cikin takardar nan mai rubutun Baba da ka tsinto a kasuwa. Ka miƙa masa a gaban jama'a, ka ce Mufida ta aiko, ya karanta mana sunan ciyawar.

Allah ya jiƙan Baba. Shi kuwa Kawu, Allah ya ba shi tsawon rai.

Yayarka,
Mufida