Ƙorafi Kan Gawar Ɗana Musa da Aka Hana Ni Binnewa

Ɗalha Abdulbaqi,
Layin Dukawa, Kasuwar Kurmi,
Birnin Kano.
14 ga Agusta, 2000.

Mai Girma Kwamishinan Lafiya,
Jihar Kano.

Ranka ya daɗe,

Game da: Riƙe gawar jariri da sunan bincike

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni baduku ne mazaunin Ƙofar Na'isa. An ce mana tun da soja suka koma bariki talaka ya samu bakin magana, shi ya sa na kawo kukana gabanka.

1. Ranar 6 ga Maris, ma'aikatan wata cibiyar bincike mai zaman kanta, wadda sunanta ke jikin takardar da na haɗo, suka shiga gidana ina kasuwa. Sun ce suna nazarin matsalolin masu juna biyu da jariran da ake haifa da naƙasa. Suka ba matata Bahijja ƙwayoyin ƙarin jini, suka sa ta dangwala yatsa a takardar Turanci. Ba ta jin Turanci, ba a kuma fassara mata ba. Ita a zatonta shaidar karɓar magani ce.

2. Ranar Talata 18 ga Yuli ta haihu a ɗakin haihuwarsu. Namiji ne, bayansa a buɗe, kansa ya fi ƙima. Ya yi kuka, ranka ya daɗe, da kunnena na ji. Na yi masa huɗuba da suna Musa. Kwana biyun da ya yi a duniya an ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya, an gwada kansa da awo kamar za a yanka masa hula, amma uwarsa ba a bari ta ɗora shi a cinya ko sau ɗaya ba. Aka sallame ta ita kaɗai.

3. Ranar Alhamis da hantsi Musa ya cika. Na sa aka haƙa kabari a Ɗan Agundi, na sayi yadi, na sanar da liman. Da na je ɗaukar gawar, shugaban binciken, Dakta Gwadabe Shehu, ya zaro takardar nan ya nuna mini yatsan matata, ya ce gawar ta zama ta cibiya. Na tuna masa cewa jaririn da ya yi kuka yana da haƙƙin wanka da salla kamar kowane Musulmi. Ya ce in yi alfahari, domin irin Musa ba kullum ake samu ba.

4. Ranar 27 ga Yuli na koma. Wata ma'aikaciya ta tausaya ta leƙa da ni wani ɗaki. Ɗana na cikin kwalba a kan kanta, a jiƙe cikin ruwan magani, an manna masa lamba 41. Sana'ata ta fata ce, na san yadda ake jiƙa fata don kada ta ruɓe, ban taɓa zaton zan ga an yi wa jinina haka ba. Wallahi tun ranar ban iya taɓa aiki ba.

Ba na ƙin ilimi. In binciken zai tsare 'ya'yan wasu, Allah ya ba da sa'a. Amma ya kamata a ce an tambaye ni, kuma amsata a'a ce.

Saboda haka ina roƙon mai girma ya ba da umarni a miƙa mini gawar ɗana, ko a wane hali take, in yi masa sutura. A kuma hana sa mata dangwala yatsa a takardar da ba a karanta musu da Hausa ba.

Roƙona na ƙarshe, a aiko amsa rumfata a Kurmi, kada a kai gida. Mata ba sa bin gawa maƙabarta, don haka ranar Alhamis ɗin da ya cika na shafa ƙasa a rigata na shiga gida na ce wa Bahijja an binne shi lafiya. Har yau ba ta san yatsanta ne ya ba da shi ba.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Ɗalha Abdulbaqi