Sabulun da Ya Riga Ya Tafi Salaga

Zuwa ga Hajiya Asana,

Assalamu alaikum. Don Allah Hajiya ki taimake ni da shawara, kuma ki duba wasiƙata kafin sauran, domin matsalata ba ta jira. Na sauya sunayen mutanen gidanmu, amma sauran maganar duk haka take.

Ni 'yar Bawku ce, aure ya kawo ni Yendi, shekara tara ke nan. Uwar mijina, Mma Hawawu, ita ce mai sabulun da duk unguwarmu ta zango ta sani. A shekarar tamanin da uku, da sabulun kanti ya ɓace, har daga ƙauyuka ake zuwa ƙofar gidanmu. Da tokar karan dawa da man kaɗe take yi, ba ta ƙara komai. Kuma duk jikan da aka haifa mata, da sabulunta ake yi masa wankan farko. Jikoki goma sha ɗaya, ba a taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Bara idonta ya yi yana, hannunta ya fara rawa. Tana da 'ya'ya mata uku, amma ni ta miƙa wa muciyar. Ba yabon kai ba Hajiya, na cancanta. Shekara shida ina tsiyaye mata ruwan toka, ina tuƙi har kafaɗata ta yi tsami, 'ya'yanta kuwa ko hayaƙin ba sa iya jurewa. Tukunya huɗu na dafa ni kaɗai, duka suka yi kyau. Ta biyar ce ta kunyata ni, kuma ita ce wadda bai kamata ta lalace ba.

Autarta Mansuratu tana aure a Salaga. Shekara bakwai shiru, sai bana Allah ya ba ta ciki, yanzu watansa bakwai. Mma ta ce in dafa sabulun jariri da wuri don ya samu ya bushe. Ana haka wana Zibrim ya biyo daga Bawku da hatsi, ya kawo mini tsarabar soda da ya samo a wajen Pusiga, farar nan mai kama da gishiri. Ya ce matan can duk sun koma kanta, sabulu yakan fito da tauri, ba ya narkewa a kwano. Ni kuwa na daɗe ina jin haushin yadda namu ke yin laushi da damina. Na ce a raina, wannan yaron da aka daɗe ana jira, bari in yi masa wanda ya fi na kowa. Na ɗebi gwangwanin madara guda na zuba a ruwan toka, man kuwa na bar shi ƙwarya uku kamar yadda Mma take aunawa. Ban gaya mata ba.

Ga inda na ƙarasa ɓata abin. Mma ba ta sauke tukunya sai ta ɗebi ɗan kaɗan, ya huce, ta taɓa a harshe. In ya yi cizo sai ta ƙara mai. Haka ta koya mini, haka kuma nake yi. To ranar cikin azumi ne, na ji tsoron azumina, na ce ai hannuna ya riga ya san aikin. Na sauke na dunƙula guda talatin. Mma ma tana azumi, shafawa kawai ta yi, ta ji santsi da tauri, ta yi ta sa mini albarka a gaban maƙwabta har tana cewa na wuce ta. Washegari mijina Mutaru, da yake direban lori ne, ya tafi Salaga da guda goma a naɗe cikin ganye.

Bayan kwana biyar na ɗauki guda na wanke riguna uku. Kafin in shanya tafin hannuna ya yi jawur yana zugi, kwana biyu fatar yatsuna tana ɓarewa. Da na duba sauran, duk sun fitar da farin gari a jiki, in ka matsa sai su farfashe. Na ce wa Mma tafasasshen ruwa ne ya zubo mini. Hannuna ke nan mai kanta, ina ga fatar jariri?

Guda sha taran da suka rage na ɓoye su a bayan randa. Na san sabulu yana gyaruwa, na kuma san zan iya. Shirina shi ne in narkar da su in ƙara mai, in haihuwa ta matso in ce zan je taya Mansuratu zama, in musanya nata a ɓoye, kowa ya huta. Ki gaya mini man nawa zan ƙara. Sa'annan ki gaya mini ko laifi ne in na yi shiru. Tsohuwar nan ta fifita ni a kan 'ya'yan cikinta, su kuwa har yau ba su huce ba. Ba na son in ba su abin faɗi, ba na kuma son ta yi da-na-sanin zaɓena.

Taki,
Mai Muciya, Yendi

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata Mai Muciya. Sannu da hannu, ki riƙa shafa masa man kaɗe har fatar ta dawo. Kin ce kin sauya sunaye, sannu da ƙoƙari, amma mai sabulu 'yar Bawku kuma matar direba a zangon Yendi, ina jin ke kaɗai ce. Don haka mu yi sauri kafin wani ya karanta wa Mma jaridar nan.

Gaskiyarki, sabulun zai gyaru. Ki yayyanka shi ƙanana, ki yayyafa ruwa ya kwana. Ki ɗora a tukunyar ƙasa ko ta baƙin ƙarfe, ban da ta alminiyam, domin soda tana cin ta. Garwashi za ki sa, ba wuta mai harshe ba. In ya narke ki riƙa zuba narkakken mai ludayi-ludayi, kina tuƙawa sosai kafin ki ƙara wani. Ba zan ce miki ƙwarya kaza ba, don ban san ƙarfin tokarki ba, kuma wanda duk ya yanke miki adadi daga nesa zato yake yi. Ki ɗebi kaɗan ya huce, ki goga jiƙaƙƙen yatsa, ki taɓa a kan harshe ki tofar. Yanzu azumi ya wuce, ba sauran uzuri. In cizon ya tafi, ki tsaya. In kika ga mai ya taso kuma kumfa ta ragu, kin zarce, sai ki gyara da ruwan toka kaɗan, kada ki sake taɓa soda. Ruwan soda kansa kada ya kusanci bakinki ko idonki. Ki bar shi a inuwa inda iska ke shiga, sati huɗu.

Amma wannan sabulun, komai kyan gyaransa, na wanki ne da wanke-wanke. Ba za a sa shi a jikin jariri ba. Ki dafa sabo da toka da mai zalla, kina da lokaci.

Batun shiru kuwa, na fahimce ki. Da kyakkyawar niyya kika yi, soda ma ba abin ƙi ba ce ga wanda ya san awonta, kuma zama da dangin miji masu jiran kuskurenka ba daɗi. Sai dai shirinki yana da rami. Haihuwa ba ta bin lissafin kowa, tana iya zuwa kina Yendi kina jiran sabulu ya bushe. Kuma wa ya gaya miki goman nan suna nan cif? Mansuratu tana iya fara wanka da guda, ko ta ba maƙwabciya mai jego, tana alfahari da cewa na Mma ne. In ya ƙona wani a Salaga, sunan tsohuwar za a kira, ba naki ba.

Ki gaya wa Mutaru yau. Tafiyarsa ta gaba ya kwaso su duka, ya tambayi ko an ba wani, in an bayar a bi a karɓo. In tafiyar da saura, ki ba wani direban saƙo.

Sai Mma. Wadda ta tsufa a bakin tukunya ta ɓata nata sabulun ba sau ɗaya ba, ko da ba ta taɓa ba ki labari ba. Za ta yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki sha, ki kuma warware maganar tafasasshen ruwan, don ita za ta fi yi mata ciwo. 'Ya'yanta za su yi surutu, su gaji. Abin da zai sa ta yi da-na-sani shi ne ta ji labarin daga bakin wani. Ki shimfiɗa mata tabarma kusa da murhu ranar da za ki dafa sabon, ke tuƙi, ita ɗanɗano. Hannunki ya iya aiki, ban yi shakka ba, saura ki iya cewa na yi kuskure tun abin bai taɓa kowa ba.

Allah ya sauki Mansuratu lafiya, ya raya abin da za ta haifa. Ranar wankan farko ina so ki tsaya a bakin bahon nan kina kallo, hankalinki kwance.

Hajiya Asana